Mai Askin Da Ya Roƙi Dusar Ƙanƙara

Lackawanna, ranar Lahadi da yamma

Zuwa ga Marlene, hasken idanuna, furen tuffa na watan Mayu, jan tsuntsun nan da ke sauka kan reshe a tsakiyar hunturu ya sa mutum ya manta yatsunsa sun ƙandare! Ya ke zumar cikin shayina, ya ke ranar farko ta shekara da ake fita waje ba kwat ba hula! Na so in ce miki sanyin idaniyata, sai na tuna abin da ke tafe mana a makon nan, na ga babu mai neman ƙarin sanyi. To bari in ce ɗumin raina, murhun zuciyata, busasshiyar safar ulu bayan an wuni ana share ƙofar gida. Wannan ta ƙarshe ba ta da daɗin ji, na sani, amma ke 'yar ƙasar nan ce, kin san darajar busasshiyar safa.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, da fatan gwiwoyin mahaifiyarki Mama Genevieve sun sassauta mata. Na san za ki juya takardar nan gaba da baya kina tambayar kanki: me ya sami Chester Wrobel? Mutumin da ke zama gabana duk ranar Juma'a muna cin soyayyen kifi, mutumin da wayarsa lafiyarta ƙalau, me ya kai shi rubutu kamar ɗan makaranta? Kin yi tambaya. Ni mai aski ne, rabin sana'ata almakashi, rabi surutu. Na taɓa zaunar da wani bawan Allah ina yi masa bayanin abin da ke damun ƙungiyar ƙwallonmu har gashin da na aske masa ya fara tohowa. Amma da zarar kin ɗago kin dube ni ta saman tabaraunki, sai harshena ya daskare kamar famfon waje a watan Janairu. Shi ya sa na ɗauki biro. Biro ba ya ganin idanunki.

Kin dai ga abin da aka nuna a talabijin yau. Mutumin nan mai hasashen yanayi ya cire kwat ya naɗe hannun riga, kuma ni da ke mun sani, ranar da ya naɗe hannun riga an shiga uku. Tafkin Erie bai daskare ba tukuna, ruwansa na riƙe da ɗumin watannin zafi, ga kuma iska mai yankan kunne tana gangarowa daga Kanada. Za ta ratsa kan ruwan, ta kwashi tururinsa, ta zo ta juye mana shi dusar ƙanƙara fari fat a ka. Daga Laraba, in ji shi, mu na kudu ne za mu fara sha, kamar yadda aka saba. Daga nan iskar za ta karkata, bangon gajimaren ya tura arewa, ya hau kan birni, ya hau kan Kenmore ɗinku da kuke taƙama da ita, ya je ya zauna daram a kan filin jirgin sama ranar Juma'a. Ranar Juma'a, Marlene! Ranar da tikitinki ya ce za ki tashi zuwa Florida!

Gari ya riga ya rikice. Na leƙa kanti ɗazu, burodi ya ƙare, madara ta ƙare, na ga wasu dattijai mata biyu masu mutunci sun kama kwalin ƙwai ɗaya suna ja, kowacce na ce wa ɗayar “haba 'yar uwa”. Kowa fuska a murtuke. Ni kaɗai nake tura keken kayana ina fito, har wani ya tambaye ni ko caca na ci.

To yaya ba zan ƙaunaci tafkin nan ba, alhali shi ya kawo mini ke har ƙofa? Kin tuna? Bara waccan ne, cikin Nuwamba, da hantsi. Rana tana haske a bakin shagona, can kan ruwa kuwa ga wani bango baƙi ƙirin yana tahowa. Ina gyara wa Norb Jaworski gashin baki, Norb maƙwabcina, wanda tun da ya yi ritaya ya mai da bencin shagona ofishinsa. Kafin in gama ɓangare ɗaya, ba ma ganin gidan da ke tsallaken titi. Har tsawa aka yi a cikin dusar ƙanƙarar. Sai ƙofa ta buɗe da ƙarfi, wani farin tsauni ya shigo yana buga ƙafa. Tsaunin ya cire hula, sai ga ke.

Ba ki yi mana barka da yini ba. Abin da kika fara cewa shi ne, “Wane mara hankali ne ya tara tulin dusa a daidai inda motata za ta wuce?”

Norb ya ce, “Baiwar Allah, Mai Sama ne. Sai ki kai ƙara can.”

Kika ce, “Ni fa na tuƙa motar 'yan makaranta tun kafin gashin kanka ya gudu ya bar ka, ban taɓa maƙalewa ba.”

Ya ce, “To yau kin taɓa. Ga benci.”

Ni kuwa ina tsaye da almakashi a hannu, baki buɗe. Girarki ta yi fari, kumatunki sun yi ja kamar tuffar kaka, kina huci kamar tukunyar shayi, ban taɓa ganin abin da ya kai ki kyau ya shigo shagon nan ba, kuma ki tuna mahaifina ne ya buɗe shi. Kin zo kudu ne sayen baƙin burodin nan mai tsami da Mama ba ta cin wani sai shi. Da kika kira ta don kada hankalinta ya tashi, duk muna jin muryarta ta cikin wayar: “Wace dusar ƙanƙara? Ga ni a taga ina kallon ciyawa, rana tar! Marlene, faɗa mini gaskiya, shagon wane namiji kike?” Haka tafkin nan yake, ya binne wata unguwa har rufi, ya bar ta kusa da ita tana shanya. Da ƙyar Mama ta yarda, sai da ta kunna talabijin ta ga titinmu.

Muka kwana a shagon, muka sake kwana. Burodin Mama muka cinye, da gwangwanin miyar da nake ajiyewa a baya, da alewar da nake ba yara idan sun zauna shiru. Kin cinye Norb a karta har ya ce gara ya fita dusa ta rufe shi da mutuncinsa. Amma ba wannan nake son tuna miki ba.

Washegari da rana, Norb ya yi barci a benci yana minshari, taga ta toshe har sama, wani haske shuɗi-shuɗi na ratsowa ta cikin dusar. Kika zagaya bayana kika tsaya.

“Mai aski, wa ke yi maka aski?”

Na ce ni nake yi wa kaina, da madubi biyu.

“Ai ga alama. Ƙeyarka kamar ɓera ya kwana yana ci. Zauna.”

Ban gaya miki a lokacin ba, amma Irene, matata, ita ce ke yi mini, kuma tun da ta rasu ban bar hannun kowa ya taɓa kaina ba. Na zauna. Karo na farko ke nan da na ga shagona daga cikin kujerar. Kin yafa mini mayafin askin, kin ɗaure shi kamar za ki shaƙe ni, kika sa yatsu biyu kika sunkuyar da kaina. Wayyo Marlene! Yatsunki sanyi ƙalau, amma inda suka taɓa sai ya kama da wuta! Na ji wani abu a ƙirjina yana tsagewa, irin ƙarar da ƙanƙarar tafki ke yi a watan Maris idan ta fara sakin ruwa. Shin akwai kiɗan da ya kai ƙarar almakashina a hannunki? Shin akwai turaren da ya kai ƙanshin jiƙaƙƙen ulun rigarki? Na rufe ido na ce a raina, ya Ubangiji, kada motar share hanya ta zo, ka bar direbanta ya yi barcinsa.

Mummunan aski kika yi mini, wannan dole in faɗa. Gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, sama da kunnen hagu kuma kin yi mini wani tsani. Ban gyara ba. Haka na yi ta yawo da shi har ya toho, masu zuwa aski suna duban kaina suna tuna cewa suna da wani uzuri a gida.

Tun daga nan kin san sauran. Kifin Juma'a a zauren coci, zama a bakin tafki cikin Yuli muna kallon jiragen ruwa, tsinkar inabi da kaka kina cin rabin abin da kika tsinka. Kin koya mini yadda ake juya babbar mota a lungu, na koya wa Mama karta ta yaudara, ko da yake daga baya na gane ita ke koya mini. Zobe kuwa yana aljihun kwat ɗina tun bikin Ista, ya daɗe har ya yi wa kansa gurbi. Duk Juma'a sai in ce yau ne. Duk Juma'a sai in dawo gida da shi, mu kwana muna jin haushin juna.

Sai shekaranjiya. Muna zaune, an kawo kifi da dankali da kabeji, kika ce, “Chester, Rosalie ta samo mana gida kusa da nata a Florida. Zan je in gani Juma'a mai zuwa. In ya yi mini, zan sa hannu, in sayar da na Kenmore.” Kika ce ƙanwar taki ta ce can babu shebur, babu gishirin narkar da ƙanƙarar titi mai cinye mota, akwai bishiyar lemo a tsakar gida, mutum ya miƙa hannu ta taga ya tsinka. Sannan kika ajiye cokali, kika dube ni ta saman tabarau, kika ce a hankali, “Sai dai in akwai wani dalilin da zai sa in zauna.”

Ni kuma, Chester ɗan Wrobel, wanda bakinsa bai taɓa hutawa ba tun da ya koyi magana, na buɗe baki na ce, “Kifin yau ya ɗan yi gishiri.”

Gishiri! Zuciyata na ihu kamar ruwan Niagara, ƙirjina cike da kalmomin da za su narkar da hunturu guda, abin da ya samu fitowa shi ne gishiri! Kin ce, “Haka ne, ya yi,” kika ɗauki jakarki. Na ga yadda kika sa hula, kin ja ta ƙasa sosai har ta rufe miki ido. Wannan jan hular bai bar ni na runtsa ba.

Da na ba Norb labari jiya, sai da ya sauka daga benci ya riƙe ciki. “Tsoho,” ya ce, “an buɗe maka ƙofa, an kunna maka fitila, an ce bismillah shigo, kai kuma ka tsaya a waje kana gaida kifi!” Ya kira mutanen da ke jiran aski ya maimaita musu. Yanzu duk wanda ya wuce ta bakin shago sai ya leƙo ya ce, “Chester, yaya gishiri?”

Shi ya sa da na ji hasashen nan yau da safe, na ji kamar an yi mini bushara. Bayan an tashi daga coci na tsaya na kunna kyandir, babba, irin wanda ake kunna wa mai ciwon ajali. Fada Ambrose ya zo wucewa ya ja birki.

“Chester, ban saba ganinka a nan ba. Wa ba shi da lafiya?”

Na ce, “Kowa lafiya, Fada. Maganar dusar ƙanƙara ce.”

“Madalla. A ɗauke mana ita ko?”

“A'a, Fada. A sauke. Musamman a kan filin jirgi.”

Ya cire tabarau ya goge ya mayar. “Ɗana, tun safe tsofaffi ke shigowa da sanda suna roƙon a karkatar da ita can tsakiyar ruwa. Kai kaɗai ka zo da ƙaton kyandir ka soke musu addu'a?”

Dole na gaya masa komai. Ya saurara har ƙarshe, bai yi dariya ba sai wajen gishirin. Sannan ya ce, “Ita matar ta san da maganar?”

Na ce tukuna.

“To ka gaya wa Ubangiji, ka gaya wa Norb, ka gaya mini. Saura mutum ɗaya, ita ce kuma abin ya shafa. Kyandir ɗin bar shi yana ci, amma ka canza buƙata.”

Na fito ina tafe ina tunani, iska na marin fuskata, sai kunya ta kama ni. Dusar nan ba abin wasa ba ce, ke kin fi ni sani. Mun san waɗanda ta rutsa da su cikin mota ba su kai gida ba. Mun san maza masu ƙarfi da suka faɗi a ƙofar gidansu da shebur a hannu. Na ga yadda kike dafa ƙugu bayan kin share hanyar gareji, kina cewa ba komai. Na ga Mama tana hawa matakala da baya saboda gwiwa. Rosalie ba muguwa ba ce, ko da yake na yi kwana biyu ina kiranta da sunayen da ba zan rubuta ba. Tana son 'yar uwarta ta huta ne. Ni wane ne da zan roƙi sama ta rufto wa gari guda don harshena ya ƙi motsi? Kuma me na ci in dusa ce ta tsare ki? Jirgin da bai tashi Juma'a ba zai tashi Litinin. Ba na son ki zauna don hanya ta rufe, ya ke farin watan da ke kwanciya a kan ruwa. So nake hanya tana buɗe, jirgi na jira, bishiyar lemo na kiranki, ki dubi wannan tsohon mai askin ki ce, a'a, na ga dalili.

Ina shiga gida waya ta yi ƙara. Mama Genevieve ce, tana magana ƙasa-ƙasa, wato yadda maƙwabta biyu kawai za su ji.

“Kai mai aski.”

“Na'am, Mama. Ina wuni?”

“Bar gaisuwar. Ni na haifi Marlene, na san ta. Ta shirya akwatin nan ta kwance, ta shirya ta kwance. Jiya na leƙa na ga ta sa takalmin dusa a ciki. Wa ke zuwa Florida da takalmin dusa? Ni dai ba inda za ni. Mijina na kwance a maƙabartar Cheektowaga, an bar mini wuri a gefensa, ba zan je a binne ni cikin yashi kadoji su tone ni ba. Kai kuma me kake jira, ka cika shekara ɗari? In ka gaya mata na kira ka, zan ce ƙarya kake yi.”

Don haka ki ɗauka ban gaya miki ba.

Amma ban tsaya ga maganar Mama ba, domin tana iya yiwuwa ke kina son lemon nan da gaske. Shi ya sa na koma kanti na yi abin da babu namijin gidanmu da ya taɓa yi. Na sayi gajeren wando. A can ƙuryar baya na same shi, cikin kayan da suka yi kwantai, mai hoton bishiyar kwakwa. Matar da ke karɓar kuɗi ta dube ni, ta dubi taga, ta sake dubana, ta tambaye ni ko akwai wanda za ta kira mini. Na zo gida na gwada a gaban madubi. Ana haka Norb ya turo ƙofa zai ari shebur.

“Rufe! Rufe!” ya ce, yana kare ido da hannu. “Akwai yara a unguwar nan! Wa ya fige kazar nan ya bar ta tsaye?”

Gaskiyarsa ne, ƙafafuna ba su ga rana ba tun ina soja. Fari fat suke, har da jijiyoyi shuɗɗa kamar taswira. Amma ki ji abin da wandon nan ke nufi, domin ba da wasa na saye shi ba. In kin je kin ga gidan, zuciyarki ta ce nan ne, to zan rufe shagon mahaifina. Zan kwance madubin da ya kafa da hannunsa, in naɗe almakashina cikin tawul, in bi ki. An ce can tsofaffi sun yi yawa, kuma duk tsoho, ko kansa ya zama ƙwai, kunnensa da hancinsa na buƙatar mai aski. Zan yi gumi, zan yi ja kamar dafaffen ƙaguwa, sauro zai san sunana. Zan yi kewar tafkin nan kamar yadda ake kewar ɗan uwa mai faɗa. Amma hunturu tare da ke bazara ce, Florida kuwa in babu ke, ko Lackawanna in babu ke, duk firiji ɗaya ne.

Dakata. Waya na ƙara.

Ke ce! Yanzun nan muka ajiye. Bari in rubuta yadda aka yi, don gobe kada ki ce ba haka ba ne.

Kika ce, “Chester, injin share dusata ya ƙi tashi.”

Na ce, “Wanda na gyara cikin Oktoba?”

“Shi. Ka zo Talata ka duba kafin a fara.”

Sai na ji Mama daga can cikin falo: “Ita ta zare masa fulogi! Yana cikin aljihun rigarta!”

“Mama, don Allah ki kalli talabijin ɗinki!” Kika yi gyaran murya. “Ka taho da kayan 'yan kwanaki, in hanya ta rufe kada ka ce ba a gaya maka ba. Akwai gado a ɗakin ƙasa.” Sannan kika sassauta murya. “Chester, akwai wani abin da kake son faɗa?”

Na riƙe wayar da hannu biyu. Na cika ƙirji da iska. Ga takardar nan a gabana cike da furanni da taurari, ba abin da ya rage sai in karanta. Na ce, “Ki tabbata man da ke cikin injin sabo ne.”

Kin ga dai irin mutumin da kike fama da shi.

To ga yadda za a yi, ya ke tauraruwar da ke fitowa bayan hadari ya wuce. Ba zan ba gidan waya takardar nan ba, dusa za ta riga ta isowa. Ni zan kawo ta da hannuna ranar Talata. Zan miƙa miki a bakin ƙofa, ba zan dubi tabaraunki ba, in wuce gareji kai tsaye. Saboda haka, a daidai lokacin da idonki ke kan wannan layin, ina can cikin garejinki, a durƙushe gaban injin da ni da ke da Mama duk muka san lafiyarsa ƙalau. Tunda kuwa na riga na durƙusa, kuma a shekaruna durƙuso ba abin da ake yi sau biyu a rana ba ne, ki sa kwat ki fito ki same ni haka.

Marlene Kubiak, ina son ki. Ina son ki da faɗanki, da tuƙinki, da yadda kike gyara wa mai hasashen yanayi magana kamar yana jin ki. Za ki aure ni? A nan ko a can, cikin dusa ko cikin yashi, da dogon wando ko da wancan abin kunyar. In kin ce e, na yi alkawari ba za ki ƙara ɗaga shebur ba muddin ina numfashi. Zan riƙa ɗuma miki mota kafin ki fito. Zan kai Mama coci in ɗauko ta, in bar ta ta ci ni a karta ba tare da na nuna na ga katin da ke ƙarƙashin cinyarta ba. Kaina kuwa naki ne har abada, ki yi masa tsani a duk gefen da kika ga dama. In kuma kin ce a'a, zan mayar da fulogin, in share miki hanya har titi, in kai ki filin jirgi duk ranar da aka buɗe shi, in ɗauki akwatinki, kuma ba zan daina son ki ba ko da kwana ɗaya.

Sai dai ki yi wa Allah ki yi sauri. Simintin garejin nan ƙanƙara ne, gwiwar dama ta fara magana, kuma ko me amsarki ta kasance, sai kin kama hannuna kafin in iya tashi.

Naki shi kaɗai, yau da gobe, har ranar da tafkin Erie zai ƙafe a yi noman dankali a cikinsa,

Chester